Ranar da Dakta Ya Ƙi Cin Ragon Attayyib

Tunda muka dawo daga Sudan ba a bar ni na huta ba. A ɗakin malamai tambaya, a gidan biki tambaya, har mai kitso sai da ta tsayar da hannu a tsakiyar kaina ta ce in ba ta labari. Rabin masu tambayar turaren wuta suke nufi, ko na taho da shi. Sauran kuwa sun ji ƙishin-ƙishin cewa maigidana ya sasanta wani ƙauye a can, suna son su ji yadda aka yi. To ga shi na rubuta, kowa ya karanta ya ƙyale ni. Mun yi tafiyar ne kafin yaƙin nan ya rufe hanyar Khartum, kuma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yinin da auren ƙanwata Batula ya rataya a kan loma ɗaya ta naman rago, maigidan nawa kuma ya ce shi ba zai ci ba.

Dakta, ga wanda bai san shi ba, malamin jami'a ne, fanninsa ilimin zaman lafiya. Sa'ad da na aure shi malamin tarihi ne a sakandare, mai bulala ma kuwa. Wani taron ƙara wa juna sani ya je, ya dawo da jaka mai tambari da sabuwar murya mai sanyi, daga nan ya ajiye bulala ya kama sulhu. Digiri na biyu a kai, na uku a kai. Ya sasanta manoma da makiyaya a otal-otal da dama, ba tare da takalminsa ya taɓa taka kashin shanu ba. Dokokinsa biyu ne, har yaranmu sun haddace. Ta farko, ba a katse mai magana komai shirmensa, sai ya kai aya. Yana da wani dunƙulen zare ja da yake yawo da shi, wanda dunƙulen ke hannunsa shi kaɗai ke da baki. Ta biyu, mai shiga tsakani ba ya cin abincin ɓangare, ko ruwansu ba ya sha. A gida in yara sun yi faɗa suka ga ya ɗauko zaren nan, nan take suke shiryawa don su tsira daga zaman.

Abin da ya rage masa a duniya kujerar farfesa ce. An ce masa takardunsa sun yi kyau, sai dai duk rikicin gida ne, babu na ƙasar waje ko ɗaya.

Batula kuwa 'yar ƙanin mahaifina ce. Baffa ya tashi aikin hajji ta ƙasa tun yana saurayi, ya tsaya a Gadarif ya yi aikin riɗi don ya ƙara guzuri. Guzurin bai gama haɗuwa ba har ya yi aure, ya haifi 'ya'ya, ya rasu a can. Ni da ita ba mu taɓa haɗuwa ba sai ta waya. Wata rana ina sauraron saƙon muryarta a falo, tana ba ni labarin ƙauyensu da ke kusa da Gedambaliya ya rabu biyu a kan hafir, wato tafkin da aka haƙa don tara ruwan sama. Unguwar Hausawa manoma sun ce shanu na ɓata musu ruwan sha, unguwar Fulanin da suka daɗe da zama suka ce da kakanninsu aka haƙa. Mijinta Attayyib shi ne jagoran manoman. Dakta yana jin haka ya ajiye jarida. Rikici, kuma na ƙasar waje. Ban taɓa ganin mutum ya yi murna da faɗan wasu haka ba.

Ƙarshen saƙon ne bai tsaya ya ji ba. Mazan can, in karamci ya motsa musu, sai su ɗaga yatsa su ce alayyat talak, wato matata ta saku in ba ka yi kaza ba. Yawanci baƙo ya san abin, sai ya yi yadda aka ce, a yi dariya a wuce. Attayyib sau biyu rantsuwar na faɗawa a kansa. Ya rantse wani mai sayen riɗi sai ya kwana, mutumin ya tafi. Ya rantse wani direban tarakta sai ya sha gahawa, ashe yana azumin ramuwa. Liman ya ƙirga duka biyun. Igiya ɗaya ta rage wa Batula. Na gaya wa Dakta wannan a cikin jirgi, ya gyaɗa kai ya ce al'ada ce da ta cancanci bincike.

A filin jirgin Khartum aka buɗe jakarsa. Ga dunƙulen zare, ga alƙaluman maka kala-kala, ga kifin gwangwani jere, ga biskit, ga garin kwaki da kilishi, guzurin mai shiga tsakani ke nan. Jami'in ya ɗaga gwangwani ɗaya ya dube shi, ya dubi Dakta, ya faɗi wata magana da ta sa na kusa da shi dariya. Wata Bahaushiya 'yar can da ke bayanmu a layi ta fassara mini. Cewa ya yi, wa ya gaya wa bawan Allahn nan muna barin baƙo da yunwa? Dakta ya fara bayani da Larabcinsa na makarantar Islamiyya, kamar mai huɗuba. Jami'in ya buga hatimi da sauri ya ce mu wuce.

Daga nan sai mota, doguwar bas mai labule da sanyin da ya sa na lulluɓa da mayafi biyu. Muka wuce Madani, muka miƙa gabas. A Fau aka tsaya fatur. Su karin kumallonsu sai hantsi ya dubi ludayi, rana ta take sosai, kuma a lokacin duniya tsayawa take cak. Kowa ka wuce yana tsugune gaban kwano sai ya ce tafaddal, ba kuma irin bisimillarmu ba ce ta fatar baki, wadda in ka zauna mai abincin ke ɓata rai. Su da gaske suke, har hannun riga suke kamawa. Wake ne dafaffe da suke kira ful, a dame shi da man riɗi, a ci da burodi. A nan na fara jin Hausa daga bakin wasu ma'aikatan gona. Wani dattijo a cikinsu ya ji muna magana ya taso.

Ya ce, "Daga Najeriya? Ahlan, ahlan! Kano tamam? Mutane kwayis? Ya zol, zauna ka ci, babu mushkila."

Dakta ya miƙa hannu, dattijon ya kai wa kafaɗarsa duka, don su sai an bubbuga kafaɗa kafin a yi musafaha. Dakta ya kai wa kafaɗa, dattijon ya miƙo hannu. Sun daɗe suna saɓani kamar masu dambe. Da aka zauna kuma, kafin ya sa hannu a kwano sai da ya tambaye su ɗaya bayan ɗaya ko akwai mai dangi a wajen Gedambaliya. Suka ce babu. Sannan ya ci, ya kuma ci da kyau.

Gadarif gari ne na hatsi. Buhunan dawa da na riɗi tsibi-tsibi, manyan motoci na lodi, ma'aikata zaune a inuwa suna jiran mai gona ya zo ya ɗiba. Ƙasar baƙa ce mai danƙo, in ta kama takalmi sai an yi da gaske. A tasha muka tarar da Attayyib da a-kori-kurarsa. Ƙato ne, farar jallabiya, rawani kamar kwando, murya kuwa ba ta san raɗa ba. Ya rungume Dakta har tabaransa ya karkace. Batula na bayansa cikin lafaya, da na ga fuskarta sai na ga ta mahaifina sak, na fashe da kuka a tsakiyar tasha ban ji kunya ba.

Muna cikin haka Dakta ya sanar cewa shi a masaukin baƙi na gari zai sauka, don bai kamata ya kwana a gidan ɓangare ba. Na ga fuskar Attayyib ta canza, na ga yatsansa ya fara tashi. Batula ta yi wuf ta shiga tsakaninsu.

Ta ce, "Yaya ce za ta sauka a wajenmu, halas, magana ta ƙare. Ɗauki akwatinta, ya Hajj, rana na yi."

Yatsan ya koma. Ta sauke numfashi a hankali, ni kaɗai na lura.

Mun raka Dakta masaukin nasa, lokanda suke ce masa. Gadajen igiya ne jere a tsakar gida, maza kwance da singileti suna shan iska. Na bar shi yana ƙoƙarin ɗaura gidan sauro a jikin bishiya, maƙwabtansa na gado uku suna ba shi shawara a lokaci ɗaya, babu mai riƙe da zare.

Ni kuwa da ba na cikin masu shiga tsakani, na ci duniyata da tsinke. Kisra, wadda ta yi kama da sinasir amma siririya ce kamar takarda, da miyar busasshiyar kuɓewa. Gahawa mai citta a ƙaramin tulu, da turare na tashi a gefe. Batula ta zaunar da ni a kan ramin hayaƙin nan da matan Kano ke rububi, ta lulluɓe ni da bargo, na yi ta tari kamar kifin da ake bandawa, ita da maƙwabtanta suna dariya. Abu biyu na lura da su a gidan. In tana girkin baƙi takan ɗanɗana miya, ta koma, ta sake ɗanɗanawa, ta kira maƙwabciya ma ta ɗanɗana. Sannan a ƙarƙashin gadonta akwai akwati ɗaure da igiya, shiryayye tsaf. Ban tambaya ba.

Ranar zama aka taru a wata babbar rumfa kusa da masallaci. Manoma a dama, su Shehu Adam a hagu. Shi ne dattijon Fulanin, siriri mai farin gemu, shi da Attayyib sun daɗe ba sa gaisawa. Mu mata muna bayan zana muna leƙe. Dakta ya kafa faffaɗar takarda ya zana bishiya, ya ce wannan bishiyar rikici ce, ga saiwa, ga gangar jiki, ga rassa. Wani ya tambaya ko bishiyar za a dasa a bakin hafir. Aka fara jefa zare. Wanda duk ya cafe sai ya fara daga zamanin kakansa, Dakta na gyaɗa kai yana cewa, "Na ji ka, na kuma fahimci yadda kake ji." Har aka kira azahar ba a iso kan shanu ba.

Ana idar da salla sai ga manyan farantai daga gidan Attayyib. Rago guda ya yanka, Batula tun asuba take kansa. Dakta ya yi murmushin nan nasa na taro, ya janyo jakarsa, ya fito da gwangwanin kifi da biskit ya ajiye a gabansa. A gaban jama'a, a gaban ragon mutum.

Attayyib ya miƙe tsaye. Wannan karon Batula na bakin murhu, babu mai shiga tsakani.

Ya ce, "Ya Duktur! Surukina, a garina, da gwangwani? Alayyat talak, rana ba za ta faɗi ba sai ka ci naman nan!"

Matan da ke kusa da ni suka dafe ƙirji, don kowa a ƙauyen ya san lissafin. Attayyib kansa da maganar ta fita sai na ga ya saci kallon liman.

Dakta ya gyara tabarau ya ce, "Na ji ka, Alhaji, na kuma fahimci yadda kake ji. Amma ƙa'idar aikina ba ta yarda ba. Ka janye rantsuwar kawai."

Liman ya ce ba a janye ta. Dakta ya duba wayarsa ya ce ga alama kotun ƙasar ba ta ɗaukar irin wannan a matsayin saki. Liman ya ce kotu tana Gadarif, shi kuma yana nan, kuma shi ya ƙirga biyun farko. Sai Shehu Adam ya dogara sandarsa ya taso, ya tsallaka tsakiyar rumfa, abin da aka ce bai yi ba tunda aka fara rigimar.

Ya ce, "Ya Duktur, ni ne abokin faɗansa. Ni na ce ka ci. Wallahi ba zan ce ka ɗauki ɓangare ba. Yarinyar nan a gabanmu ta girma, ubanta mutumin kirki ne. Ma'alesh, yi haƙuri ka sa hannu."

Dakta ya ce, "Baba, ba don kai ba ne. In na karya ta yau, me zan koya wa ɗalibaina gobe?"

Daga nan rumfa ta rikice. Manoma na roƙo, Fulani na roƙo, dama da hagu suka cakuɗe, kowa na magana. Dakta na tsakiya yana ɗaga zare yana cewa ɗaya bayan ɗaya. Har ya kawo shawarar a kafa ƙaramin kwamiti a kan ragon. Aka yi la'asar, nama ya huce, kitse ya daskare a faranti.

Na zagaya wajen Batula. Na same ta zaune gaban tanda tana shafa kisra, kamar ba abin da ya faru. Raina ya ɓaci, ban san da wa zan fara ba.

Na ce, "Ƙanwata, kin ji abin da ake yi?"

Ta ce, "Na ji, Yaya. Muryarsa ai har Fau ana ji."

"To ba za ki ce komai ba?"

"In ce me? Da aka rantse ba a tambaye ni ba, da aka ƙi ci ba a tambaye ni ba. Akwatina a shirye yake. Yaran ne dai, ƙaramar ba ta barci sai a jikina."

Ta ɗaga kisrar ta ajiye a kan 'yan'uwanta, ta zuba wani ƙullun.

Mace ba ta shiga rumfar maza a can, mu ma nan ba mu cika yi ba. Na gyara mayafi na shiga. Zaren na hannun wani mutum da ya buɗe baki zai fara, na karɓe. Maza suka dare. Na tsaya gaban Dakta na ɗaga masa dunƙulen ya gani da kyau.

Na ce, "Malam, zare na hannuna."

Ya buɗe baki, ya rufe. Dokarsa ce.

Na ce, "A gidan wa na sauka? Abincin wa nake ci tunda muka zo? Matarka ta ci, ta sha, har hayaƙinsu ta yi, kai kuma kana nan kana tsaron gwangwani. Ka zana bishiya tun safe, ka sa manoma, ka sa masu shanu, ka sa liman, har jakunan ɗiban ruwa na ga ka ba su reshe. Matar da ke bayan zanan nan, wadda ta dafa ragon, a wane reshe take? Ga rana can ta yi ja. In ta faɗi ba ka ci ba, akwati biyu ne za su fita daga ƙauyen nan, kuma nawa ba gidanka zai nufa ba."

Sai da na faɗa na ji abin da na faɗa. Ni ma ga shi na jingina aure a kan rago. Iskar garin ce, ina ji.

Dakta ya dubi rana, ya dube ni, ya dubi zanan da na nuna. Ya naɗe hannun riga, ya yi bisimilla, ya ɗauki tsoka ɗaya ya kai baki. Rumfa ta ɗauki kabbara, mata suka rangaɗa guɗa. Loma ɗaya ake bukata, amma mutumin da ya kwana biyu a kan biskit, sai da ya ga bayan cinya guda. Attayyib ya rungume Shehu Adam yana hawaye, suka zauna a faranti ɗaya. Suna tauna suka yarda shanu su riƙa sha ta gabas, a yi shingen ƙaya a tsakani. Maganar ba ta kai tsawon cin haƙarƙari ɗaya ba. Abin da suka fi daɗewa a kansa, kuma bakinsu ya zo ɗaya, shi ne ba su taɓa ganin mutum mai taurin kai irin Duktur ba.

Na koma da gudu ina haki. Na ce, "Ya ci, Batula! Ya ci!"

Ta ce, "Alhamdulillahi." Sannan ta ce, "Gishirin ya ji?"

Na ce wane irin gishiri kuma ana maganar aurenki.

Ta ce, "Ai maganar ke nan, Yaya. Ke in kin yi girki don a ji daɗi kike yi. Ni don kar baƙo ya tsame hannu nake yi. Wannan ya ci. Saura na gaba."

Da na shiga ɗaki na leƙa ƙarƙashin gado. Akwatin na nan yadda yake, ba a kwance igiyar ba. Na zauna a bakin gadon na yi kukan da ita ba ta yi ba.

Dakta ya rubuta takardarsa bayan mun dawo, kuma ita ta cika masa abin da ya rage, yanzu Farfesa ake ce masa. Na karanta ta daga farko har ƙarshe. A ciki ya bayyana yadda tsayuwar mai shiga tsakani a kan ƙa'ida ta sa ɓangarori biyu suka haɗa kai. Ba ƙarya ya yi ba, sun haɗa kai. Akwai hoton bishiyar, akwai na shingen ƙaya. Sunan Batula bai fito ba, ko a wajen godiya.

Akwai kuma abin da bai sa ba, wanda shi ne ya sa har yau nake zuba masa abinci da hannuna. Ranar da za mu taho, suka rako mu tashar Gadarif. An ɗora kaya, direba na ta oda. Attayyib ya riƙe hannun Dakta ya ce wace irin tafiya ce wannan, ko mako ba a yi ba, akwai wani ragon ma. Dakta ya ce jirgi ba ya jira. Sai na ga rawani ya girgiza, yatsa ya tashi sama. Batula na riƙe da ƙaramar 'yarta, ta yi nisa da su, ta runtse ido.

Attayyib ya ce, "Alayy..."

Dakta ya saki jakarsa ta faɗi cikin baƙar lakar nan. Mutumin da ya yi rabin rayuwarsa yana koyar da cewa ba a katse mai magana, ya yi tsalle ya toshe bakin ƙaton nan da tafin hannu biyu, a gaban duk mutanen tasha. Ya riƙe gam, tabaransa na lilo a kunne ɗaya, yana cewa, "Sauke kayan, Hajiya! Mun fasa, mun kwana, za mu ci!"

Bas ta tafi ta bar mu. Batula ta buɗe ido, ta gyara wa 'yarta zama a kafaɗa, ta ce mini mu biya kasuwa, gishirinta ya kusa ƙarewa.